Hattara da katin girafik na jabu: kada ka biya sai ka gwada

Duk mai shirin haɗa kwamfutar gem ya yi hattara da masu tallan katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto a kwamfuta, a Facebook da WhatsApp kan kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne, haka ma wanda Windows ke nunawa. A cikin kowane kati akwai 'yar manhaja, BIOS, wadda ke gaya wa kwamfuta sunansa, kuma 'yan damfara sun ƙware wajen sake rubuta ta.

Wanda aka daɗe ana yi wa jabu shi ne GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia. Sukan ɗauko tsohon GTS 450 na shekarar 2010 ko GTX 550 Ti na 2011, su sa masa sabuwar fanka da murfi, su canza masa suna. Na gaskiyan yana da ƙwayoyin sarrafa hoto 768 da ma'adana mai 4GB. Na jabun 192 kawai gare shi, ma'adanarsa kuma galibi 1GB ce, ko da ya rubuta 4GB. Shi ya sa zai kawo hoto lafiya lau a shago, amma da zarar gem ya nemi fiye da abin da ke ciki sai hoton ya tarwatse ko kwamfutar ta sandare. Kafin ma a kunna shi, dubi bayansa: in ka ga shuɗin ramin VGA, ajiye musu kayansu, domin na gaskiya HDMI da DisplayPort da DVI yake zuwa da su. In kuma mai sayarwa ya nace sai da direban da ke cikin faifansa, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, za a yi amfani, saboda sabon direban Nvidia ba zai karɓi katin ba ne.

RX 580 na kamfanin AMD kuwa matsalarsa biyu ce. Akwai wanda ake kira 2048SP, da aka yi wa kasuwar Sin a 2018. Ƙwayoyinsa 2048 ne, daidai da RX 570, alhali cikakken yana da 2304. Ba jabu ba ne, amma sayar da shi a kuɗin cikakken cuta ce. Sannan tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, an goge su an kira su sababbi. Wasunsu har yanzu BIOS ɗin haƙa ne a cikinsu, sai direban AMD ya ƙi su, Windows ta nuna saƙon matsala na Code 43. Na hannu ba laifi ba ne, in an faɗi gaskiya an kuma rage kuɗi. Ɓoyewar ce zalunci.

A manyan katuna abin ya fi muni: an sha samun RTX 4090 da aka cire masa ƙwaƙwalwa da ma'adana, aka mayar da murfi. A ido ba ka ganewa.

Saboda haka je da filashinka, ka sa manhajojin gwaji na GPU-Z da FurMark da OCCT waɗanda kai ka sauke da kanka. A jona katin a gabanka. GPU-Z zai nuna adadin ƙwayoyin da sunan ƙwaƙwalwar: GP107 ne na 1050 Ti, in ka ga GF106 ko GF116, na tsofaffin katunan nan, magana ta ƙare. Bar FurMark ya yi minti 20 kana kallon zafi da juyin fanka, sannan ka yi gwajin ma'adana a OCCT, wanda zai cika ta fal ya tona ƙaryar. Ɗigo-ɗigo ko layuka a allo alamar ma'adana ce mai mutuwa. Duba kusoshin baya ko an taɓa kwance su, ka kuma gwada lambar jikin katin da ta kwali.

Wanda ya ce yana wani gari, ka tura rabin kuɗi zai ba direba a tasha, kada ka yarda da bidiyon da ya turo, don ana iya sato shi. Nemi wani naka a garin ya je ya gwada, kuma a rubuta maka a rasit cewa za ka iya mayarwa cikin kwana bakwai.