Lacca ko lab: wanne ake ramawa, wanne ba ya ramuwa

Ƙanenmu da ke zaune a Agege, yana aji ɗaya a Jami'ar Legas da ke Akoka, ya kawo tambaya. Da safe yana taya yayansa buɗe shago, gosulo kuma na cinye sauran lokacin, ga kemistiri ta zo masa kashi biyu, lacca da lab, wato aikin ɗakin gwaji. Idan dole sai ɗaya ya sha kashi a wani makon, wanne zai bari? To ƙane, ga su gefe da gefe.

Ta fuskar nauyi, lacca ce babba. A tsarin jami'o'inmu awa ɗaya ta lacca a mako yunit ɗaya ce, amma sai ka tsaya awa uku a lab kafin a ba ka yunit ɗaya. Shi ya sa kwas ɗin lacca yakan ɗauki yunit biyu ko uku, na lab kuwa ɗaya tak. Idan ka sauko daga A zuwa C a kwas mai yunit 3, maki 6 ka zubar a lissafin GPA, wato matsakaicin makinka. Irin wannan saukowar a lab maki 2 ne kawai. Wanda ya tsaya a nan sai ya ce ashe lab ne abin yarwa, kuma nan ne kuskuren yake.

Ta fuskar ramuwa, abin ya juya. Laccar da ta wuce ka tana nan a littafin abokinka, tana cikin handawut. Lab kuwa an haɗa sinadaran ne don rukuninku a wannan ranar, kuna fita aka wanke kwalabe, mako mai zuwa wani gwajin ne daban. Ba sunanka a takardar halarta, babu alƙaluman da za ka rubuta rahoto da su. Kada ka ce za ka kwafi na wani: mai kula da lab shi ya haɗa ruwan, ya san amsar da ya kamata ta fito, kuma mutum biyu da alƙalumansu suka yi daidai har lamba biyu bayan ɗigo a kowane zagaye sun tona wa juna asiri. Kariyoba, wato faɗuwa kwas a maimaita shi, ko a yunit ɗaya ma kariyoba ne, kuma badi awa ukun nan za su yi karo da laccocin aji biyu.

Yadda mutum ke faɗuwa a kowanne ma ba iri ɗaya ba ne. A lab, hannu ne ke kayar da ɗalibi. Ɗauki taitireshan ɗin da kusan kowa ke farawa da shi, wato gwajin ɗiga asid a kan wani ruwan sinadari har launi ya sauya don a gano ƙarfin asid ɗin: asid HCl a biyuret (dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo), ruwan sinadarin Na2CO3 a kwalba mai tsinin wuya. Biyuret ana ɗauraye shi da asid ɗin da za a zuba, fifet (bututun aunawa da ɗebo ruwa) da ruwan Na2CO3, ita kuwa kwalbar da tataccen ruwa kaɗai. Idan ka ɗauraye kwalbar da Na2CO3, ka ƙara mata sinadari a ɓoye, asid ɗin da za ka zuba zai haura. Idan ka bar ruwa a biyuret, ka tsarma asid ɗin, nan ma adadin zai haura. Kumfar iska a bakin biyuret takan fice tsakiyar aiki, sai a ƙirga ta a matsayin asid. Mazurarin da aka manta a sama yana ɗiga, yana rage adadin da za ka karanta a biyuret. Ɗigo biyu zuwa uku na methyl orange, sinadarin da ke sauya launi, sun isa, ka tsaya da zarar rawaya ta koma ruwan lemo. In ta yi ja, ka zarce. A biyuret, karanta ƙasan lanƙwasar saman ruwan, idonka daidai da ita. Zagayen farko na lalube ne, ba a sa shi a lissafi, sai ka samu biyu da bambancinsu bai wuce 0.10 cm3 ba. Duk wannan babu wanda ya taɓa koyonsa daga littafin aboki.

A lacca kuwa, ƙwaƙwalwa ce ke kayar da mutum, kuma a hankali, shiru. Kemistirin aji ɗaya hawa-hawa take: mol (ma'aunin yawan sinadari), sai daidaita ikweshan, sai ƙarfin ruwan sinadari, sai dokokin iskar gas, sai pH. Wanda mol bai zauna masa ba a mako na biyu, a mako na takwas zai ga kamar malamin ya sauya yare. Ga misali daga wannan taitireshan ɗin dai. Giram 1.325 na Na2CO3 a cikin 250 cm3 yana ba da 0.05 mol/dm3, tunda nauyin mol ɗinsa 106 ne. Fifet mai 25 cm3 ta ɗebo mol 0.00125. Kowane mol ɗaya yana cin mol biyu na HCl, wato 0.0025. In ka zuba 24.60 cm3, ƙarfin asid ɗin 0.102 ne. Wanda ya manta da biyun nan zai rubuta 0.051, alhali hannunsa bai yi laifin komai ba a lab. Haka a gas: zafi daga digiri 27 zuwa 54 na Celsius ba ninki ba ne, daga 300 ne zuwa 327 a ma'aunin Kelvin, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kawai.

Don haka shawararmu: ranar lab ka faɗa wa Yaya tun farkon simista cewa ba ka nan, ka rubuta masa ranakun. Ka isa da farar rigarka da rufaffen takalmi, domin da silifas ana iya mayar da kai daga bakin ƙofa. Ka zana teburin alƙalumanka tun daren jiya, ka yi sallar Azahar kafin ka shiga in lokacin ya kama, don awa uku ba a fita. Rahoton kuma a rubuta shi a daren, ana tuna launin da aka gani.

Lacca ita ce za a iya bari sau ɗaya-ɗaya, da sharaɗi biyu. Ka rama cikin kwana biyu, kuma ramuwar ba ɗaukar hoton littafin wani a waya ba ce, zama ne da biro a warware lissafi biyar ko shida na wannan darasin ba tare da leƙen amsa ba. Sannan ka riƙa ƙirga ranakun da ka rasa, domin jami'o'i da yawa suna neman halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a shiga jarrabawa, tes ɗin ba-zata kuma a lacca ake yinsa, cikin makin nan 30 da ake tarawa kafin 70 na jarrabawa. Tsofaffin tambayoyi ka fara taɓa su tun mako na huɗu, darasi-darasi.

Batun hanya kuma, jirgin ƙasa na jan layi yana tsayawa a Agege, yana tsayawa a Yaba, daga nan motar Akoka. Ba a rubuta lissafi a danfo, amma a jirgi ana iya karanta takardar gwajin da za a yi yau har sau biyu kafin a wuce Mushin.