Fara da Ƙwaƙwalwar Baligi ko da ta Ɗan Tayi?

Ɗalibin likitanci a Jami'ar Jihar Gombe yana da hanya biyu ta shiga karatun ƙwaƙwalwa. Yana iya farawa da ta baligi a ɗakin fiɗar gawa, ya riƙe ta a hannu, ya bi tagwayen jijiyoyin kai 12 ɗaya bayan ɗaya. Abin na zama a ido, sai dai haddar da yawa.

Ni na fi son a fara da ɗan tayi. A mako na huɗu bayan ɗaukar ciki bututun jijiya, wato bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, ke rufewa, bakin sama wajen rana ta 25, na ƙasa wajen ta 28. In na ƙasa bai rufe ba, a kan haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, wani lokaci har da laka a ciki. Ramukan ruwan ƙwaƙwalwa huɗu ma daga cikin bututun nan suka samo asali.