Na miƙa wa ɗan kwana-kwana na goro, ya ƙi karɓa

Da azumin bana abin ya faru, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Maiɗakina ta tafi aiki, na ce bari in soya ƙosan buɗa baki da kaina. Mai na kan wuta sai ga kira daga gida. Kun san wayar gida, gaisuwa kaɗai sai ta ci minti goma. Ban ankara ba sai ihun na'urar hayaƙin nan da ke manne a silin, wadda tun da muka tare nake jin haushinta, don ko albasa ka ƙona sai ta tara maka jama'a. Na ruga kicin na tarar kasko ya kama. Ni mai wayo sai na watsa ruwa. Kada Allah ya sa ku gwada. Wutar ta yi tsalle ta lashi kabad, ta haɗa da bayan hannuna.

Maƙwabciyata ce ta buga 911. Ina tsaye a waje da silifa ɗaya, ban gama salati ba na ji jiniya. Garinmu ƙarami ne a jihar Ohayo ta Amurka, ba wani birni ba, amma ga jar mota, tankinta cike da ruwa, ga motar asibiti biye da ita. Nan da nan suka kashe wutar, suka kafa wata ƙatuwar fanka a ƙofa tana fitar da hayaƙi. Da babbansu ya cire hular kwano sai na gane shi: dattijon da ke tuƙa motar 'yan makaranta a unguwarmu, wanda kullum muke ɗaga wa juna hannu.

Halin gida ba ya barin mutum. Na shiga ɗaki na dunƙulo dala 40, na ja shi gefe, na miƙa masa a ɓoye, na ce a sha ruwa. Ya zaci ƙunar nake nuna masa, har ya kama hannun zai duba. Da ya ga kuɗi sai ya yi shiru, sannan ya naɗe mini yatsuna a kansu, ya ce shi ko albashi ba ya karɓa a wannan aikin, balle kyauta. In ina son taimakawa, in zo tasharsu ranar Asabar ta farkon wata, suna sayar da karin kumallo don tara kuɗin kayan aiki. Yaran da ke tare da shi suna ta danne dariya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Daga baya na fahimci wajen kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa kai ne. Makanike, malamin makaranta, manomi, kowa da 'yar na'ura a ƙugu, in ta yi ƙara ya ajiye abin da yake yi. Shi dattijon tsohon soja ne, ya yi Yaƙin Tekun Fasha a 1991. Da ya faɗa mini shekarar sai gabana ya faɗi, don a daidai lokacin Kawuna yana Laberiya cikin rundunar ECOMOG, ta kiyaye zaman lafiya a Yammacin Afirka. Sa'annin juna ne. Shi dattijon da ya ajiye kaki gwamnati ta biya masa karatu, a ƙarƙashin tsarin da ya samo asali daga dokar da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1944. In ba shi da lafiya akwai asibitocin mazan jiya zalla, manya wajen 170, ƙarƙashin ma'aikatarsu ta musamman da ake kira VA. A 2022 ma an yi dokar da ta faɗaɗa kulawa ga waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan. Kawu kuwa, ba sai na ba ku labarin layin tantance 'yan fansho ba. Kun ga tsofaffi da fayil a hammata, kun ga yadda ake tunawa da su ranar 15 ga Janairu, a ajiye furanni, a saki tattabaru, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba asibitin ba ne. A nan ba a ɗaukar tsohon soja a matsayin wanda ya gama amfani. Akwai ƙungiyar Team Rubicon da wasu tsoffin sojoji suka kafa a 2010 bayan girgizar ƙasar Haiti, yanzu in guguwa ta rushe gari za ka gan su da zarto suna yanke itatuwa, suna kwashe laka daga gidajen mutane. Mu kuwa iyakarmu mu ba shi gadin ƙofa, yaron da bai kai jikansa ba yana danna masa hon.

Kada dai ku zaci aljanna ce. Makonni kaɗan bayan gobarar takarda ta zo: kuɗin motar asibitin da ta kai ni aka wanke ƙuna aka naɗe, tafiyar da ba ta kai daga Ƙofar Nasarawa zuwa Sabon Gari ba, ya fi kuɗin gyaran kicin ɗin. Da na sani da na shafa man kaɗanya na kwanta. Sannan akwai wata gaisuwa da suke yi wa duk mai kaki, wai mun gode da hidimarka, a filin jirgi, a kanti, ko'ina. Bakin da ya faɗi haka shi ne zai ɗaga gilashin mota in ya ga wani a danja riƙe da kwali an rubuta tsohon soja ne, ba shi da wurin kwana. Irinsu sun haura 30,000. Kuma fiye da tsoffin sojoji 6,000 ke kashe kansu duk shekara, har an ware musu layi, ka buga 988 ka danna 1. Dattijon da kansa ya ce mini ba jarumta ce ta kai shi kwana-kwana ba, shirun gida ne. Daga shi sai karensa. A nan na ji kewar gida ta taso mini, don Kawu duk rashinsa bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. In mafarkin Monrobiya ya tashe shi, da asuba akwai masallaci, da hantsi akwai majalisa, akwai jikoki masu jan gemu.

Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Nan in jiniya ta taso, kowace mota sai ta rakuɓe gefen dama ta tsaya cak, har mai Marsandi. A gida mai adaidaita sahu bin bayan motar asibiti yake yi don ya samu hanya. Mu ƙi ba 'yan kwana-kwana hanya, su iso a makare, mu jefe su. Mu zage su sun zo ba ruwa, ba wanda ya taɓa tambayar ina famfon da za su ɗiba a unguwar. Kasuwa ta ƙone, a tara gudummawar miliyoyi bayan an yi toka, amma ban taɓa jin 'yan kasuwa sun yi karo-karo sun saya wa tashar da ke kusa da su taya ko mesa ba tun kafin wutar.

Bayan Sallah na je karin kumallon. An fitar da motocin waje, an jera tebura a garejin, yara na hawa suna buga ƙararrawa. Na ci fanke da shayi, na kauce wa naman don na san na mene ne. A bakin ƙofa akwai ƙaton takalmin kwana-kwana da ake jefa kuɗi a ciki, na jefa dala 40 ɗin nan a bainar jama'a. Dattijon ya gani, bai ce komai ba, sai ya miƙo mini fom na shiga aikin sa kai, ya ce suna ƙarancin mutane da rana. Fom ɗin na nan manne a jikin firji. Maiɗakina ta ce mutumin da ya watsa wa mai ruwa, a fara koya masa rufe kasko da murfi tukuna.