Mai gyaran hitar gas a Nima, ya san aikinsa gaskiya

Hitarmu ta gas mai ɗumama ruwan wanka ta ƙi kamawa da shigowar hunturu, ka buɗe famfo wani lokaci tak-tak ba wuta, wani lokaci ma shiru. Wani bawan Allah nan Nima ya zo, kafin ya kwance komai ya canza manyan batiran nan biyu masu kunna wutar hitar, ya duba regileta mai daidaita ƙarfin gas, sannan ya ciro 'yar rariyar bakin bututu wallahi cike da yashi, ya ce ruwan tankinmu ba ƙarfi shi ya sa hitar ba ta sakin gas. Ya shafa ruwan sabulu a tiyo ko akwai yoyo, har faɗa ya yi mana don banɗakin ba taga. Kuɗinsa da sauƙi, sai dai in ya ce ƙarfe 9 to jira shi bayan azahar.