Kayan cajin waya na sola a hannun ƙaramin manomi

Ga gidan da gona kawai ke ciyar da shi, kayan cajin waya na sola sana'a ce mai kyau ta rage zaman rani, domin ko yaro ko uwargida na iya kula da ita. Saitin da ya dace shi ne faifan sola mai wat 100, batir mai bolt 12, da na'urar daidaita caji a tsakaninsu. Idan rana ta buɗe sosai, zai cika ƙananan wayoyi ashirin ko fiye a yini.

Rauninsa batir ne. Irin mai ruwan asid ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi. A yi ta yin haka, cikin 'yan watanni ya daina riƙe wuta. Kada a haɗa faifai da batir kai tsaye, cajin zai wuce kima ya dafa shi. Inbata kuma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ɓarnar wuta ce a nan, gara soket ɗin USB da ke ɗauka daga batir.

A riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Da damina hadari na rage caji ƙwarai, sai a rage yawan wayoyin da ake karɓa.