Sirdin hawan bishiya: zamansa da daɗi, amma igiyarsa ɗaya ce

Sirdin bishiya asalinsa kayan mafarautan barewa ne a Amurka. Ɗamara ce mai faɗi da ke tallafe ƙugu da cinyoyi, mutum ya rataye kansa a jikin bishiya, ya jingina baya, hannayensa biyu a sake. A Maradi ba mafarauta ne suka fi bukatarsa ba. Masu ɗora amya ne, da masu sarar gawo don dabbobi da rani, da masu hawan giginya, da masu rage rassan dogon yaro cikin gari. Wanda muka duba shi ne irin mai zuwa cikin jaka guda ba tare da sanannen suna ba: sirdi, igiyar rataya mai kaurin milimita 11, igiyar kewaya gindin bishiya, ƙugiya biyu masu makulli, da ƙananan igiyoyi biyu na ƙullin Prusik, wato ƙullin da ake naɗawa a jikin babbar igiya, yana zamewa in an tura shi da hannu, yana kamawa in nauyi ya hau shi.

Wajen zama babu abin kushewa. Yana raba nauyi, ba ya matse cinya, ɗinkinsa ninki-ninki ne. Wanda ya saba hawa da tsumma a ƙugu zai ji bambanci nan take.

Matsalar tana wajen da ran mutum yake rataye. Bi nauyin daga sama: igiyar da ta shaƙe bishiya, ƙullin da ya kama igiyar, ƙugiyar da ta kama ƙullin, sai gajeriyar igiyar gaban sirdi da ake kira gada, sai madaukai biyu da gadar ta ratsa. Ko wanne ya saki, ƙasa za a je. Igiya ta biyu da ke cikin jakar, wato ta kewaya gindi, ta hawa ce, kuma mafi yawan mutane suna kwance ta da zarar sun kai inda za su zauna. Wasu kuma su maƙala igiyoyin biyu a kan gada ɗaya, suna ganin sun yi biyu. Ba su yi ba. In gadar ta tsinke, duka biyun sun tafi tare. Igiyar kariya, wadda za ta riƙe mutum in ta farko ta saki, sai ta zama da nata ɗauri a jikin bishiya, da nata ƙulli, da tata ƙugiya, da nata wurin kamu a jikin sirdi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar igiyar kewaya gindi a ɗaure duk tsawon aikin, bakinta biyu a madaukan gefen sirdi, dama da hagu, ba na gada ba. Madaukan gefe tare aka yi su su ɗauki nauyi, kada a rataya a guda ɗaya, don zai karkatar da mutum. Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen ƙetare reshe. Ƙa'idar ba ta canzawa: ɗaura igiyar rataya sama da reshen, zauna a kanta ka ji ta ɗauke ka, sannan ka kwance igiyar kewaya gindi da ke ƙasa, ka haye, ka mayar da ita. A giginya kuma a kula da kumburin da ke jikinta, don daga samansa jikin yana sirancewa, igiyar ta yi sako-sako ba a lura ba.

Sakin igiya shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali, domin babu gargaɗinsa ko ɗaya a jakar. Waɗannan igiyoyi ba sa miƙewa sosai. An yi su ne don riƙe mutumin da ke zaune a kansu, ba don tare wanda ya faɗo ba. Ƙa'idojin Turai sun sa iyakar fizgar da jiki zai sha a kN 6 (kN ma'aunin ƙarfi ne), wato kusan nauyin kilo 600, kuma faɗuwar mita ɗaya a kan gajeriyar igiya marar miƙewa tana iya wuce haka. Igiyar ba za ta tsinke ba, bayan mutum ne zai sha. Saboda haka ɗaurin ya tsaya daidai goshi ko sama, kada a hau a wuce shi, kuma sakin igiyar kariya kada ya wuce taƙi ɗaya.

Ƙullin Prusik, wanda Karl Prusik ɗan Ostiriya ya fito da shi a 1931, yana kamawa ne idan ƙaramar igiyar ta fi babbar siranta: milimita 6 a kan 11, naɗi uku. A sabuwar igiya mai santsi yakan zame, sai a ƙara naɗi na huɗu. Dole a yi ƙulli a wutsiyar igiyar rataya don kada Prusik ya zame ya fita, kuma ya fi kyau a dawo da wutsiyar a maƙala ta a sirdi da wata ƙugiyar. Na'urar ƙarfe mai haƙora da wasu ke sawa a madadinsa ta fi saurin gyarawa, amma in aka fizge ta da ƙarfi tana iya yage rigar igiya.

A karanta jikin ƙugiya kafin a biya kuɗi. Ta ƙwarai tana da lambar ƙa'idar Turai, EN 362 ko EN 12275, da aƙalla kN 20 a tsaye. A gicciye ƙarfin yana sauka zuwa wajen 7, shi ya sa ba a barin ta ta juya ko ta dannu da jikin bishiya. Makulli mai murɗawa yakan kwance da gogar riga, mai kulle kansa kuma ƙurar hunturu tana cushe shi, sai a wanke da ruwa a shanya. Igiya ta kasance da EN 1891 nau'in A, mai ɗaukar kN 22, sirdi kuma EN 813 da EN 358. A wannan jaka ƙugiyoyin suna da lamba, igiyoyin babu. Igiyar da ba a san asalinta ba a sauya ta. Ta roba ta jan guga kuwa ko kusa, rana tana cinye ta har ta riƙa yin gari a hannu.

Aikinmu yana da haɗarin da mafaraucin Amurka ba ya gamuwa da shi. Igiyar da ke ɗauke da nauyi, taɓawar adda ɗaya ta ishe ta, don haka mai sara ya raba igiyoyinsa biyu nesa da juna, sara ya tafi wajen da babu ko ɗaya. Mai cire zuma ya nisanta wutar hayaƙinsa, domin nailan narkewa yake, zaren Dyneema kuma da ake yin wasu gadoji da shi yana narkewa tun wajen digiri 145 na Celsius. A ɗaura a jikin bishiya, ba a reshe ba, musamman kuka mai taushin itace. Ajiya a inuwa, nesa da ruwan batir da man fetur da ɓera. Kamfanin kayan hawa irin Petzl shekara 10 yake bai wa kayan zare iyaka, zafin watan Afrilu a Maradi kuma zai iya rage hakan.

Mun yarda a sayi sirdin idan lambarsa na jikinsa, amma a ƙara kuɗin igiya biyu masu lamba, mita 3 zuwa 4 kowace, da ƙugiya ta uku. Gwajin farko a yi shi ƙafa na taɓa ƙasa: a zauna a igiyar rataya, a sassauta ta a hankali har nauyi ya koma kan ta kariya, a ga yadda take riƙewa kafin a ƙara ko taki ɗaya sama.