Sayen tsohon injin tur a wani shago kusa da Katako

Ga wanda yake sabon shiga sana'ar sassaƙar ƙarfe a Yamai, shagon da na sayi injin tur ɗina na farko, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, a kusa da kasuwar Katako, ya cancanci a leƙa shi, kuma babban dalili shi ne Alhajin da ke da shagon yana yarda a kunna inji a yanka ƙarfe kafin a shiga ciniki. Yawancin kayansa tsofaffin injunan Faransa ne, irin su Cazeneuve da Ernault-Somua, masu nauyin da ya wuce tan guda.

Na tafi da maigidana wanda ya koya mini aiki, shi kuwa ko kallon fenti bai yi ba. Gadon injin ya nufa, wato dogon ƙarfen da keken wuƙa ke zirga-zirga a kai, domin wajen da ke kusa da mandaran, abin da ke damƙe ƙarfen da ake sassaƙawa, shi ne ya fi cinyewa, tunda a nan ake yin yawancin aiki. Ya ɗan ɗaure keken da ke ɗauke da wuƙa a wurin, sannan ya tura shi zuwa ƙarshen gado. Da a ce ya cije a hanya, da mun haƙura, saboda gyaran gadon da ya lotsa yana iya cin kuɗin da ya kusa na injin kansa. Daga nan muka sassaƙa sandar ƙarfe ba tare da tallafa mata ta baya ba, muka auna kaurinta a kai da gindi, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Alhaji ya haɗa mana da mandaran mai haƙora 3 da mai haƙora 4, da giyoyin canji, waɗanda ake sauyawa idan za a yanka zaren ƙusa, wato layin da ake murɗa ta a kai. Injin na awon milimita ne, wanda ya dace da yawancin kusoshin motoci da baburan da ake kawowa gyara a nan. Na Ingila masu awon inci sukan buƙaci giya mai haƙora 127 kafin su yanka zaren milimita daidai.

Inda shagon ya gaza shi ne ɗauko kaya, domin mai saye ne ke neman mota da abin ɗagawa. Haka kuma injin yana aiki da wutar layi uku mai bolt 380, ba 220 ta gida ba, don haka sai mutum ya tabbatar da kontar wuta ta kamfanin Nigelec da ta dace kafin ya biya ko dala.